Gugan Ƙarshe na Baba Mainassara

Bayan la'asar Elhaji Jibril ya aiko a kira ni. Yana da bijimi a rijiyar Gawo Biyu, arewa da Dakoro, mai saye kuma yana can Kwatano yana jira ya ga tafiyar bijimin kafin gari ya waye. Na so in ce masa motona, wato babur ɗina, ba lafiya, sai na tuna a kan moton na zo amsa kiran. Na ɗaure jakar kamara a baya, na cika bido, 'yar jarkata, da ruwa, na kama hanya. Bazara ce, iskar da ke dukan fuskata kamar daga bakin murhu take fitowa.

Sunana Sa'adu. Sana'ata ba ta da suna, shi ya sa dillalan kasuwar bisashe suke ce mini Mai-hoto-mai-rai. Rezo ne ya haife ta, wato netwok ɗin salula. Rezon garinmu ba ya ɗaukar bidiyo sai ranar da ya ga dama, hoton tsaye kuma ba ya gaya wa mai saye ko rago yana ɗingishi. To ni sai in sa a kora dabba a gabana, in ɗauke ta sau goma sha biyu a jere, in zuba hotunan cikin ordinatar, wato kwamfuta. A manhajar gyaran hoto nake jera su falle bisa falle, in gaya wa kowane falle tsawon lokacin da zai tsaya, in fitar da su abu guda, wanda masu sana'ar ke kira GIF. Ba shi da nauyi, ko rezon ya tashi da lalaci yana wucewa. Mutum yana zaune a Kwatano ya ga ragon Dakoro yana taku a tafin hannunsa.

Gwanintar aikin duk a mahaɗi take. Idan hoton ya kai ƙarshe komawa farko yake yi, saboda haka dole fallen ƙarshe ya haɗu da na farko ba tare da tsalle ba. Kusan kullum sai na yanke falle biyu ko uku na ƙarshe. Wutsiya nake ce musu, kuma ban taɓa jin tausayinsu ba.

Abin da ya sa ban so zuwa Gawo Biyu ba, a nan mahaifina Mainassara ya yi shekara arba'in yana shayar da garken mutane. Ya rasu bayan kaka. Tun da muka rufe shi ban sake taka wurin ba.

Baba ba ya son hoto. Cewa yake wanda ya san shi ya san shi. Sau ɗaya na sace shi, bazarar bara, da yamma, yana jan guga da hannu. Hoto goma sha biyu a jere, kamar yadda nake yi wa raguna, Allah ya yafe mini. Bayan sadakar arba'in, da baƙi suka watse gidan ya koma ni kaɗai, sai na zauna na haɗa shi. A falle tara na farko yana ja, hannu bisa hannu, fuskarsa ta ɗan juyo wajena, bakinsa ya fara buɗewa zai yi mini faɗa. A uku na ƙarshe gugan ya iso, ya juya mini baya, ya zuba ruwan. Ba fuska, ga mahaɗin yana tsalle. Na yanke su. Ranar kasuwa na goge kat ɗin kamarar don in sami wurin raguna, wutsiyar ta tafi ke nan. Da manhajar ta tambaye ni sau nawa hoton zai maimaita, sau ɗaya, sau uku, ko har abada, ko tsayawa tunani ban yi ba na zaɓi har abada.

Ku yi mini dariya in kuna so. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, ƙanwata Haula tana aure a Sabon Maci, nawa auren kuma bai kai shekara biyu ba ya mutu. Kowace magariba nakan buɗe ordinatar a kan tabarma, in ajiye kwanona, in ci abinci Baba yana jan ruwa a gabana. Wani lokaci har labarin kasuwa nake ba shi. Falle taran nan su ne mutanen gidana, ba ni da wasu.

Na isa rijiyar rana ta yi ja. Shirun wurin na fara lura da shi. Da bazara a Gawo Biyu ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kukan raƙuma da ihun makiyaya. Ranar nan shanun ba su fi ashirin ba, su ma suna tsaye can nesa sun ba rijiyar baya. Ko tsuntsu babu a kan gawon.

Mutum ɗaya ne a bakin rijiyar, Intalla, tsohon Ba'abzine abokin Baba, wanda aikin ya koma hannunsa. Ya ɗaga ido ta saman rawaninsa ya dube ni.

"Ɗan Mainassara, sai yau?"

"Sai yau, Baba Intalla. Ina garken mutane? Na san wurin ga ko wurin aje ƙahwa ba a samu."

"Sun tashi," in ji shi. "Yi aikinka tukun."

Na yi aikina. Bijimin Elhaji lafiyayye ne, tafiyarsa ba aibu, sai dai duk yadda Intalla ya kora shi ba ya yarda ya bi ta yamma da rijiyar. A nan ne ƙaramin kwamin siminti yake, ƙarƙashin gawo, taku huɗu daga bakin rijiya. Manyan kwamayen da bisashe ke shan ruwa suna gabas. Wannan ƙaramin ba dabbar da ke sha a cikinsa.

Duk wanda ya tashi a Gawo Biyu ya san na wane ne. Idan an gama shayarwa, an kwance igiya daga raƙuman da ke ja, sai mai rijiya ya ɗauki ƙaramin guga ya jawo na ƙarshe da hannunsa. Ya zuba a ƙaramin kwamin, ya juya baya, ya tafi gida. Malamai sun ce sadaka ce ga tsuntsaye da dila. Tsofaffi sun ce rabon masu wuri ne, waɗanda ke zaune a nan tun ba a gina rijiyar ba. Baba bai taɓa shiga gardamar ba. Cewa yake, "Ni dai zubawa nikai, mai sha ya san kanshi."

Ina naɗe kamara Intalla ya ce, "Tsaya ka gani da idonka. In na hwaɗa maka za ka ce tsuhwa ce."

Ya yi bisimilla ya saki ƙaramin gugan. Rijiyar gaba ashirin ce. Mun daɗe kafin mu ji ya taɓa ruwa. Ya fara ja. Igiyar tana ƙara a jikin itacen da take bi, ruwa na ɗiga yana komawa ƙasa, warin danshi na tasowa. Gugan ya zo kusa, har na hango bakin fatarsa yana sheƙi. Saura kamu ɗaya ya fito.

Sai igiyar ta fizge.

Ba faɗuwa ya yi ba, don ba mu ji ƙarar ruwa ba. Ya koma ƙasa kamar gaba biyu ya tsaya. Intalla ya sake ja. Ni kuma, da yake aikina ƙirga ne, sai na sami kaina ina ƙirga hannuwansa. Ɗaya, biyu, uku. A na tara gugan ya zo daidai inda ya zo ɗazu, ya fizge, ya koma.

Ya sake. Tara.

Ya sake. Tara.

Ya buɗe mini tafin hannunsa. Duk sun sale, sabon ciwo bisa tsoho.

"Da rana ko wasaki ɗari ka so za ka jawo," ya ce a hankali. "Wanga ɗai ne ba ya hitowa. Da sahe mu iske salkunanmu wayam, bakinsu a ɗaure. Nonon shanu ya ƙahe. Maruƙan wani Bahillace huɗu anka iske kwance, halshensu ya bushe kamar ƙirgi. Shi ya sa mutane sunka tashi. Ƙishirwa suke ji, ɗana."

Ban tambaye shi su wa ba. Cewa na yi, "Tun yaushe?"

"Bayan rasuwar ubanka ni nike zubawa, lahiya lau. Sai kwana biyu bayan arba'in ɗinshi. Yau wata biyar ke nan."

Kwana biyu bayan arba'in na zauna a gaban ordinatar. Kuma sai a lokacin na tuna abin da ya kamata ɗan Mainassara ya sani tun farko: ranar da na ɗauki hoton nan, raƙuma an kwance su, rana ta yi ja, guga ƙarami ne. Rabon masu wuri Baba yake jawowa. Zubawar kuwa ita ce wutsiyar da na yanke.

Kunya ce in faɗa, amma ban ce wa Intalla komai ba. Na yi masa sannu, na ce Allah ya kawo sauƙi, na hau moto. Abin da ke raina guda ne, kada wani ya ce in taɓa hoton.

Hanyar Dakoro daga can yashi ce da ƙaya, ba gida ko ɗaya. Duhu ya fara sauka, na kunna fitila. Na yi tafiya kaɗan sai na ji moton ya yi nauyi daga baya. Na ce yashi ne.

Sai na ji haɗiya.

Daf da bayana, inda na ɗaure bido. Ƙut. Ƙut. Irin haɗiyar wanda ya daɗe bai sha ba, ba ya ko tsayawa numfashi.

Ban waiwaya ba. Na karanta duk abin da ya zo bakina, rabi daidai rabi a hargitse. Fitilun gari na bayyana nauyin ya sauka. A ƙofar gida na kwance bidon. Murfinsa a ɗaure tamau yadda na ɗaure shi, ciki ko danshi babu.

Na yi magariba a makare, na shiga ɗaki na buɗe ordinatar. Baba yana ja, kamar kullum. Wannan karon ban tsaya kallo ba, na buɗe shi cikin manhajar, na bi shi falle ɗaya-ɗaya, ina ƙara girmansa.

Wata biyar ina kallon mutumin nan kowace rana, amma ashe ba ganinsa nake ba. Ranar da na ɗauke shi rigarsa a bushe take. Yanzu ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Kumatunsa sun faɗa. Leɓɓansa sun tsattsage. Igiyar kuma, daidai inda hannunsa ke kamawa, ta yi baƙi. Bakin nan da na ɗauka faɗa zai yi mini, na dube shi da kyau, ban ga faɗa ba. Mutum ne da ke neman ya ce a karɓe shi.

Na matsa gefen hoton, wajen ƙaramin kwami. Da can inuwar gawo ce kawai a wurin. Yanzu akwai abubuwa a tsugune cikin inuwar, sun kewaye kwamin. Dogaye ne, gwiwoyinsu sun wuce kawunansu. Idan hoton yana gudu ba a ganinsu, sai an tsayar da shi. A falle na ɗaya duk kwamin suke kallo. A na biyar wasu sun ɗago. A na tara babu wanda ke kallon kwami.

Ni suke kallo.

Ban daina wayo ba duk da haka. Na ce bari in canza shi daga har abada zuwa sau ɗaya, Baba ya huta, hoton kuma ya zauna mini. Na canza, na kunna. Ya ja sau tara ya tsaya, gugan yana rataye. Hoton ya tsaya cak. Hannun Baba bai tsaya ba. Rawa yake yi da nauyin gugan, a hoton da ba ya motsi.

Ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙiyar igiya.

A bayan ƙofa randata ta yi wani gurnani, irin na ruwa idan ya kusa ƙarewa.

Sai murya, ƙasa-ƙasa, busasshiya, ba ta mutum ɗaya ba. Ba daga ordinatar ta fito ba. Daga gefen kunnena ta fito.

"A zuba."

Na kai yatsa kan gogewa. Ban iya ba. Rabi don ina son hoton, ba zan yi muku ƙarya ba. Rabi kuma don na tambayi kaina, idan na goge shi gugan yana rataye, a ina zan bar Baba? Na mayar da shi yadda yake, na rufe ordinatar, na fita ko takalmi ban sa ba. A masallacin unguwa na kwana.

Washegari da hantsi na koma Gawo Biyu, ordinatar a jaka. Na zaunar da Intalla a inuwar raƙuminsa na nuna masa, na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallon abokinsa yana ja. Na ɗauka zai zage ni, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Sai ya ja rawaninsa ya rufe har ƙasan ido.

"Shekara arba'in bai taɓa barinsu da ƙishirwa ba," ya ce. "Kai ka sa shi ya yi wata biyar yana ja a gabansu."

Ya nuna hoton da yatsa.

"Guda nawa ka yanke?"

"Uku, Baba. Ya amshi guga, ya juya, ya zuba."

"To wanda ya yanke shi za ya ƙarasa. Jininshi ne kai, halan su yarda. Amma ka sani, in anka zuba, ubanka ya gama aiki. Wanda ya gama aiki ba ya zama bakin rijiya."

Na fahimce shi sarai. Na zauna yini guda a wurin ina neman wata hanya, ban samu ba. Da rana ta fara sauka na buɗe ordinatar na kalli Baba har idona ya yi zafi, ina ƙoƙarin haddace fuskarsa. Daga nan na ajiye shi a buɗe bisa babban kwami, yana fuskantar rijiya.

Intalla ya kwance raƙuma ya kora shanun nesa. Ya miƙo mini ƙaramin gugan.

"In ka zuba, juya ka taho wurina. Kar ka waiwaya. Kar ka ƙirga su."

Ya koma can wajen raƙuminsa. Na rage ni kaɗai.

Na yi bisimilla na saki gugan. Igiyar ta yi ta tafiya. Na ji ya taɓa ruwa, ya cika, ya yi nauyi. Na fara ja. Hannuna hannun linzamin ordinatar ne, tun kafin rabi ya fara zafi. Iska ta ɗauke. Ba kukan saniya, ba ƙarar ƙwaro, sai igiya da numfashina.

Gugan ya zo kusa. Ɗaya, biyu, uku. Tara.

Ya fizge. Igiyar ta bi tafina kamar wuta.

Na sake. Tara. Ya fizge.

Daga yamma, ƙarƙashin gawo, wani abu ya motsa. Ƙarar fata busasshiya tana gogar siminti. Ban duba ba.

A karo na uku, ina kan ja na shida, sai igiyar ta yi sauƙi. Wani ya kama ta a gabana. Ban ga hannu ba, amma na ga igiyar ta lotsa a wuri biyu, daidai faɗin tafi. Sai wari ya iso ni, garin taba da man shanu da tsohuwar fata. A cikin warin nan aka goye ni ina yaro.

Na ji numfashi a kafaɗata, gajere, na mai gajiya.

"Kama da kyau."

Bakwai. Takwas. Tara.

Igiyar ta yi ƙara, ta miƙe, wani abu yana janta daga ƙasa. Muka riƙe. Ƙafafuna suka nutse a laka. Na ji jini yana bin gwiwar hannuna.

Goma.

Gugan ya hau baki, ruwan ya fantsamo mini a ƙafa, sanyi ƙalau. Na rungume shi.

Na juya. Sha ɗaya.

Taku huɗu ne zuwa kwamin. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Zafi yana fitowa daga inuwar kamar an hura gawayi. Numfashi ta ko'ina, sama da kaina, ƙasa da gwiwata. Wani abu mai kaushi ya lashi ruwan da ke ƙafata.

Na karkata gugan.

Ruwan ya fita, amma bai taɓa siminti ba. Ban ji ƙarar zubarsa ba. Haɗiya kawai na ji, da yawa, a lokaci guda.

Na saki gugan na juya. Intalla yana can yana yafito ni da hannu. Taku talatin ne tsakaninmu, da na tafi, da shi ke nan.

Amma ni mai hoto ne, kuma ɗan marayan da ya san abin da ke tafiya a bayansa. Na ce a raina Intalla waiwaye ya hana, bai ce komai a kan salula ba. Na zaro ta daga aljihu, na ɗaga ta bisa kafaɗata, na karkata ido ina kallon gilashin. Falle ɗaya kawai nake so.

Na ga Baba. Ya saki igiya, yana tafiya arewa, a hankali, hannuwansa a sake. Bayansa kawai na gani.

Sai wata fuska ta rufe gilashin.

Doguwa ce. Ba ido a inda ido yake zama. Bakin a jiƙe yake.

Wani abu ya naɗe mini idon sawu. Igiyar gugan ce. Ta fizge ni na faɗi da haƙarƙari, salular ta tashi sama. Ana jana a ƙasa, laka na shiga bakina, ina kama yashi yana zubewa. Na ga bakin rijiyar yana matsowa. Ƙafata ta hau kan siminti. Sanyin ciki ya bugi tafin ƙafata.

Na ji gudu, na ji Intalla yana kiran sunan Allah da ƙarfi. Wuƙarsa ta sauka sau biyu.

Igiyar ta tsinke ta shige rijiya, da gugan, da salulata. Muka kasa kunne. Har yau ban ji sun taɓa ruwa ba.

Intalla ya ja ni ta wuyan riga har wajen raƙumi. Ya ɗaure mini ƙafa da gefen rawaninsa. Sannan ya ce, "Taurin kan nan dai na ubanka ne," ya juya fuska.

Shi ya ɗauko mini ordinatar, ya rufe shi ba tare da ya duba ba. Ni ma ban buɗe ba sai da na kwana uku.

Falle tara suna nan, ba wanda ya ɓace. Ga rijiya, ga gawo, ga ƙaramin kwami da ɗan danshi a gindinsa. Igiya tana rataye a jikin itacen tana lilo kaɗan. Ba kowa a inuwar. Ba kowa a bakin rijiyar.

Kafin sati biyu garke ya fara komowa Gawo Biyu. Intalla ya sayi sabon guga, yana zubawa kowace yamma, yana fitowa lafiya. Ni kuma ina da zobe a idon sawun hagu, fari fat, gashi ba ya fitowa a wurin. Ina nan ina yi wa dillalai aikinsu, sai dai ba na ɗaukar hoto a bakin rijiya, kuma ban sake ɗaukar mutum ba.

Ana saura kwana kaɗan Layya Haula ta kira ni a sabuwar salulata. Wata mata daga unguwarmu ta je biki Sabon Maci ta ba ta labari.

"Yaya, ashe kana da hoton Baba mai motsi ka ɓoye mani? Turo mani in gwada ma yara kakansu."

Sai kawai na tura mata. Ba a jima ba ta sake kira.

"Yaya, ka yi kuskure. Rijiya ɗai ka turo. Ina Baban?"

"Ba kuskure ba ne, Haula. Ya tashi daga aiki."

Ina jin kukan awaki a gidansu, da yaranta suna rigima a kan wanda zai riƙe salular. Na ɗauka rezon ne ya yanke. Can ta yi magana, muryarta ta canza.

"Ka san tun da anka haihe ni ban taɓa ganin rijiyar ga ba Baba a bakinta ba?"

Ni ma ban taɓa ba. Ko ranar da na je na tarar da Intalla, a raina cewa nake Baba yana gida yana jirana bisa tabarma. Na zauna a ƙofar ɗaki da salula a kunne, ita tana kuka can, ni ina yi nan. Wata bakwai da rufe shi, sai a ranar Baba ya rasu a wurina.